Kundin aikin fim ɗin samari uku da babur: daga rufe rubutu zuwa tacewar farko

Litinin, 20 ga Oktoba

An rufe rubutu: shafi 82, fitowa 61. Labarin samari uku ne 'yan unguwa ɗaya a cikin birnin Kano, shekarunsu tsakanin 15 da 17. Ɗaya yana koyon ɗinki, ɗaya yana tsare wa mahaifinsa shago a Kantin Kwari, na ukun auta ne da ba a barinsa ya wuce bakin layi bayan magariba. Sun tsinci mataccen babur Jincheng a wani kango, irin waɗanda aka jingine tun hana acaɓa a Kano cikin Janairun 2013, suna gyara shi a ɓoye da 'yan kuɗin da suke tsakura, da niyyar ranar da ya tashi su bar gari ba sallama. Iyakar inda tunaninsu ya kai shi ne madatsar ruwa ta Tiga. A nan za a riƙa kiransu Tela, Ɗan Kwari da Auta.

Babu waƙa da rawa, babu fitaccen jarumi. Hakan ya rage kashe kuɗi, ya kuma kori masu zuba jari, don haka kasafin naira miliyan 9 ne. Hayar kyamara da lens N60,000 a rana, kayan sauti N35,000, abincin mutum 18 a kan N4,000 kowa, duk na kwana 14. Sufuri da mai N1,200,000, sallamar ma'aikata da 'yan wasa N3,000,000, tacewa da gyaran sauti da kala N1,300,000, babur da kayan wasa N400,000. Abin da ya rage, N762,000, na ko-ta-kwana ne.

Shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya, ke nan shafi shida a rana. Da gogaggun 'yan wasa wannan ba komai ba ne. Da yaran da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, shidan ma buri ne. Za a ɗauka a hutun makaranta na Disamba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Zaɓen 'yan wasa. An bi filayen ƙwallo, shagunan tela da wuraren gyaran babur maimakon a sa sanarwa, saboda masu amsa sanarwa yawanci sun riga sun haddace muryar wani jarumi. Ba a ba kowa takarda ya karanta ba. Gwajin shi ne a zaunar da su uku-uku, a ba su aiki da hannu, kamar kwance sarƙar keke, a bar kyamarar waya tana ɗauka daga nesa. Wanda ake nema shi ne mai iya sauraron ɗan'uwansa da mai iya yin shiru ba tare da ya kalli kyamara ba. An ware shida, uku na aiki uku na jiran ko-ta-kwana.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Zama da iyaye a zauren mai unguwa. Duk yaran ba su kai 18 ba, don haka uba ko waliyyi ne yake sa hannu a takardar yarda, an rubuta ta da Hausa an karanta a bainar kowa. Abin da ta ƙunsa: aiki ba zai wuce awa takwas a rana ba, za a tsaya kowace salla, babban mutum daga dangin ɗaya daga cikinsu zai kasance a lokeshan kullum, ba yaron da zai tuƙa babur a titi, kuma kuɗin sallama kashi biyu ne, rabi ranar farawa rabi ranar gamawa, a hannun uba a gaban yaron.

Tambayar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta ƙarshen fim. Wani dattijo ya ce in dai yaran ba za su dawo su durƙusa su nemi gafara ba, to koya wa 'ya'yan mutane gudu ake yi. Damuwarsa tana kan hanya, kuma hukumar tace fina-finai ma za ta iya yin irinta. An yi alƙawarin ɗaukar ƙarshe iri biyu a nuna musu kafin a fitar.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Atisaye ya ci tura. Da aka ba su rubutun suka tafi da shi gida, sai suka dawo da wata murya daban: jan kalma, ɗaga gira, tsayawa bayan kowace jimla kamar mai jiran tafi. Yaron da jiya yake zagin abokinsa cikin raha ya koma mai karanta jawabi. Dalilin a fili yake. Abin da suka tashi suna kallo ke nan, kuma jimlolin rubutun cikakku ne, alhali saurayi ɗan 16 ba ya ƙarasa jimla idan yana cikin abokansa.

An karɓe takardun. Sabon tsari: kafin kowace fitowa darakta yana kiran kowane yaro gefe shi kaɗai, ya gaya masa abin da yake so ya samu daga sauran biyun, da abin da yake ɓoye musu, da jimla ɗaya tak wadda dole ta fito. Sauran magana tasu ce. A fitowar rabon kuɗin fulogi, an gaya wa Ɗan Kwari cewa kuɗin da ya kawo daga aljihun tebur ɗin mahaifinsa ya ɗauko, ba a gaya wa sauran ba. Yadda ya riƙa kauce wa tambaya ya fi duk abin da ke cikin rubutun.

Tsarin yana da tsada. Lissafin farko minti takwas na ɗauka ga kowane minti ɗaya na fim, yanzu zai kai 15. Kuma maganar ɗauka ta farko ba za ta yi daidai da ta biyu ba, don haka dole a riƙa ɗaukar su ukun a hoto ɗaya mai faɗi, a rage yanke-yanke zuwa fuska.

Asabar, 22 ga Nuwamba

An sayi babur mai tashi a N290,000. Labarin yana buƙatarsa a hali uku: matacce, rabin gyara, da mai tafiya. Sayen babur uku ba zai yiwu ba, sai bakanike ya haɗa kayan canji: tsohon tanki mai tsatsa, yagaggen kujera, taya mara iska a kan wani wili daban, fasasshiyar fitila. Canjawa daga hali zuwa hali yana cin kusan minti 40, saboda haka an jera duk fitowar kango bisa halin babur, ba bisa jerin labari ba. An ɗauki hoton kowane hali ta gefe huɗu, an buga an ba mai kula da ci-gaban fitowa.

Duk lokacin da yara za su taɓa kafireta ko fulogi, tanki a tsiyaye yake. Mai ɗin da ake gani a kwalba ruwan shayi ne mara kauri.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Gwajin kyamara. Sony FX3, 4K, hoto 25 a daƙiƙa, shata 1/50, saboda wutar ƙasar nan 50Hz ce. A tsarin XAVC S-I kyamarar tana rubuta megabit 250 a daƙiƙa, wato kusan 112GB a awa. Awa 20 na ɗauka zai haura 2TB, shi ya sa aka sayi rumbun ajiya biyu masu 4TB. Dokar katin kyamara: ba a goge shi sai an kwafe a rumbu biyu, an buɗe fayil na farko da na ƙarshe an gani da ido.

Lens biyu kawai, 24 da 50. Da rana dole gilashin ND mai rage haske, in ba haka ba sai an matse idon lens zuwa f/16, kuma a nan ne duk ƙurar da ke kan sensa take fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Alhamis, 4 ga Disamba

Takardu. An kammala abin da ya shafi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, an kai wasiƙa ofishin 'yan sanda na yankin da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, saboda ranar ɗauka a titi, an sanar da hakimi da dagacin wajen Tiga. An soke hoton sama na jirgi mara matuƙi: yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA) da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, lokaci ba zai isa ba. Za a hau tudu a ɗauka da lens 24.

Litinin, 15 ga Disamba

Ranar farko, kango. Shafi huɗu maimakon shida. Hoto ya yi kyau, sauti ya lalace kusan rabi.

Lokacin duba wurin an je ne da yamma, shi kuwa injin markaɗen da ke bayan katanga da safe yake aiki, daga bakwai zuwa sha ɗaya. Ƙararsa tana zaune daidai inda muryar mutum take, babu manhajar da za ta cire ta ba tare da ta mayar da murya kamar ta cikin tulu ba. Ga Adaidaita Sahu a bakin layi, ga yara 'yan kallo a kan katanga suna dariya duk lokacin da Auta ya buɗe baki. An daidaita da mai injin a kan N8,000 a rana, na kwana uku, ya dakata daga tara zuwa sha ɗaya, matan unguwa kuma an sanar da su tun dare su kawo markaɗe da wuri. 'Yan kallo an naɗa musu shugaba daga cikinsu, an ba shi aikin ɗaga hannu idan an ce a yi shiru. Wannan ya fi tsawa aiki.

Ƙaramin makirufo na jiki ya ƙi zama lafiya a ƙarƙashin shadda, sitacin yana ƙara da kowane motsi. An canja wa Ɗan Kwari riga zuwa tsohon yadi mai laushi, an kuma dogara da sandar bum, wadda ake rataye makirufo a saman 'yan wasa da ita. Kowane wuri, kafin a tashi, a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, kowa tsaye cak.

Talata, 16 ga Disamba

An sake fitowa uku na jiya. Shafi bakwai.

Laraba, 17 ga Disamba

An gama kango.

Alhamis, 18 ga Disamba

Dare, teburin mai shayi. Fitilun da aka jona wa ƙaramin janareta sun riƙa kaɗawa a hoto, layi-layi yana hawa. Shata daidai take, matsalar daga janaretan ne: idan nauyi ya canja, gudun injin yana sauka ya hau, wutar ba ta tsaya a 50Hz ba, fitilun masu araha kuma suna bin ta. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. Ƙararsa ma tana shiga sauti duk da waya mai tsawon mita 30.

An kashe shi. An ɗauko fitilu biyu masu batir a N15,000 kowane dare, na dare uku, an ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 12,800, wanda shi ne mataki na biyu mai tsabta a wannan kyamara idan ana ɗauka da tsarin kala na S-Log3. Tsakanin 3,200 da 10,000 hoton ya fi yin yashi, gara a tsallake kai tsaye. Ɗaya fitilar an ɓoye ta bayan gwangwanayen madara an lulluɓe da farin ƙyalle, ɗayar daga nesa tana zana gefen fuska. Wutar murhun mai shayi ta yi sauran aikin.

Asabar, 20 ga Disamba

Tela ya zo da kai a aske ƙwal. Jiya Juma'a aka kai su aski shi da ƙannensa, takardar yarda kuma ba ta ambaci gashi ba. An riga an ɗauki fitowa 23 da sumarsa, kuma waɗanda suka rage suna shiga tsakaninsu. Sa'ar da aka ci hunturu ne: hular sanyi ta zama tasa daga yau. An ƙara wata 'yar fitowa inda Auta yake fizge hular yana gudu da ita, aka sa ta a wurin da askin zai iya faruwa cikin labari, duk fitowar da ta gabaci wannan da ba a riga an ɗauka ba kuma hular ba ta barin kansa. Fitowa biyu ne suka ƙi gyaruwa, za a sake su.

Hazo ya sauko sosai. Hasken ya yi laushi, fuska tana kyau ba sai an tare rana ba, amma hoton Litinin mai shuɗin sama ba zai haɗu da na yau ba. Inda suka haɗu a fitowa ɗaya, sai mai gyaran kala ya ja na Litinin zuwa fari-fari. Ba a canja lens a waje, sai cikin mota gilashi a rufe. Man kaɗanya a leɓen yara kafin kowace ɗauka, in ba haka ba tsagewar leɓe tana canjawa daga hoto zuwa hoto.

Litinin, 22 ga Disamba

Ranar titi. An ɗaure babur da igiya huɗu a bayan a-kori-kura, an cire murfin baya, yaran suna kai, kyamara a gabansu, gudu bai wuce kilomita 25 a awa ba. Tunda motar ta ɗaga su sama da tsayin babur na gaskiya, an sa kyamara ƙasa tana kallon sama don kada titi ya shiga hoto ya tona asiri. Hotunan nesa kuwa manya uku masu ƙaramin jiki ne, matuƙin mai lasisi, sanye da kayan yaran, a kan hanyar ƙauye mara cunkoso. Ƙarar injin daban aka ɗauke ta: tayarwa, tsayuwa, wucewa daga hagu zuwa dama, tari da mutuwa.

Talata 23 zuwa Alhamis 25 ga Disamba

Tiga. Madatsar tana ƙaramar hukumar Bebeji, an gina ta a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma faɗin ruwanta shi ne dalilin zaɓenta: yaron da ya tashi a lungu bai taɓa ganin wuri ba katanga ba.

Rubutun ya ce suna isa su tuɓe su faɗa ruwa. An soke. Ruwan madatsai da na noman rani a wannan yanki an san shi da tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗin da ke bakin ruwa ta shiga ta fata, kuma biyu daga cikin yaran ba su iya iyo ba. Aka mayar da fitowar cikin kwalekwalen masunci, su da rigar ceto a ƙarƙashin rigar sanyi, wani kwalekwalen da masunta biyu yana biye a bayan kyamara. Jirage da riguna N40,000. Canjin ya amfani labarin. Sun yi tafiyar nan duka sun zo, ga ruwa, sun kasa shiga, Ɗan Kwari yana ta cika baki daga bakin gaɓa.

Iska ce babbar matsala. Daga goma na safe take tashi, rigar gashin makirufo ba ta iya mata. Rana tana fitowa wajen bakwai saura, tana faɗuwa shida da 'yan mintoci, don haka duk magana an tura ta tsakanin bakwai da tara da rabi, tsakar rana hotunan da ba magana. Sanyin asuba ya dusashe muryar Auta ranar Laraba, aka ba shi ruwan ɗumi da citta, aka rage masa magana. Fitowar da ya kamata ya faɗi cewa yana son komawa gida an yi ta ba kalma ko ɗaya, yana ta ƙoƙarin kunna wayar da cajinta ya ƙare.

Talata, 30 ga Disamba

An gama ɗauka da ƙarin kwana biyu, kowanne kusan N300,000 idan an haɗa haya, abinci, mota da sallama. Kuɗin ko-ta-kwana saura bai kai N60,000 ba. An ɗauki ƙarshe iri biyu. An biya iyaye kaso na biyu.

Litinin, 5 ga Janairu

DaVinci Resolve, manhajar tace fim, nau'in kyauta a kan Windows ya ƙi buɗe hoton: sauti yana fitowa, allo baƙi. Fayilolin 10-bit 4:2:2 ne, wannan nau'in manhajar ba ya karanta su. An juya su zuwa tsarin DNxHR da manhajar Shutter Encoder, nau'in LB mara nauyi don yanka, na HQX kuma sai an rufe tacewa, a juya iya abin da aka yi amfani da shi, saboda yana cin wuri ninkin ba ninkin. Juyawar ta ci dare biyu, rabi a kan inbata. Haɗa sauti da hoto ya tafi lafiya ban da fitowar kwalekwale, inda ba a buga allon alamar fara ɗauka ba, aka bi motsin leɓe da hannu.

Litinin, 12 ga Janairu

Yankan farko minti 118. Ya yi tsawo da kusan rabin awa, kuma kitsen yana farkon fim: babur ba ya tashi sai minti na 52. An cire fitowar da take bayyana wa mai kallo halin kowane gida da baki, tunda ana ganinsa a aikace daga baya. Burin yanzu babur ya tashi kafin minti na 35.

Muryar Auta ta fara buɗewa irin ta balaga. Jimloli 14 ne suke buƙatar sake ɗauka saboda iska da injin markaɗe, an matso da su wannan makon, don nan da wata biyu muryar ba za ta dace da fuskar da ke hoto ba. Ɗakin ɗauka: ɗaki mai katifu jingine a bango, makirufo ɗin da aka yi aiki da shi a lokeshan, a nisan da yake a ranar. Ba ya iya bin leɓensa idan yana kallon allo, sai aka riƙa kunna masa jimlar a kunne yana maimaitawa nan take.

Asabar, 24 ga Janairu

Minti 93. An nuna wa iyaye, mai unguwa da wasu samari 'yan unguwar, a zama biyu daban, don samari ba sa magana a gaban manya.

Ƙarshe na farko: yaran sun dawo, sun durƙusa a zaure, mahaifin Ɗan Kwari ya yi nasiha ta minti uku. Samarin sun fara duba waya tun minti na farko, manyan ma ba wanda ya ce komai a kai. Na biyu: sun turo babur da hannu sun shigo unguwa bayan asuba, Ɗan Kwari ya ajiye ragowar kuɗin a kan teburin shago, uban ya ƙirga, ya kalle shi, ya miƙa masa mukulli ya ce ya buɗe ɗaya ƙofar. Dattijon da ya yi tambaya a Nuwamba ya ce wannan uban ya fi na farko sanin abin da yake yi, sai dai yana son a ga Auta ya gaida mahaifiyarsa. Akwai hoton a cikin abin da aka ɗauka, daƙiƙa 20, an mayar da shi. Na biyun aka zaɓa. Nasihar ba ƙarya ba ce, amma duk abin da ta faɗa fim ɗin ya riga ya nuna shi a Tiga.

Abin da ke gaba: rufe hoto kafin ƙarshen wata. Kiɗa gurmi da sarewa kawai, da takardar yarjejeniya a rubuce da makaɗan, mai fayyace sinima, talabijin da intanet. Haɗa sauti mako biyu, gyaran kala mako ɗaya. Fassarar ƙasan allo da Turanci da Faransanci, layi biyu, kada kowanne ya wuce harafi 42. Ta Faransancin saboda FESPACO, bikin fina-finai na Wagadugu, wanda ake yi duk shekara biyu. Kafin nan akwai bukukuwan KILAF a Kano, Zuma a Abuja da AFRIFF a Legas, kuma ba za a sa fim ɗin a YouTube ba sai an gama da su, domin bukukuwa da yawa ba sa karɓar abin da ya riga ya fita. Kwafi zai je hukumar tacewa ta Kano da ta tarayya, NFVCB, da zarar an haɗa sauti. Kuɗin fassara da na shiga bukukuwa ba sa cikin kasafin farko, ana neman ƙarin N450,000.